Natsuwar Ƴaƴanmu da Wayar Salula: Ina Mafita?

  Ƴan'uwa masu karatu, iyaye maza da iyaye mata, maganar da na zo da ita a wannan fitowa ta shafi yaranmu ne, amma adalci ya sa dole in fara da kaina, domin Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mahaifina limamin unguwarmu ne a nan Damagaram. Shekaru sun ja, ganinsa ya yi rauni, har ƙananan haruffan littattafan bugun Misira sun fara gagararsa. Saboda haka a bara ya umurce ni in riƙa zuwa zaure bayan sallar Isha'i ina karanta masa sharhin Risala, shi kuma yana saurare yana gyara mini inda na karkace. A wannan zaure na biya Ahalari da Ishmawi da Iziyya ina yaro, lokacin da mukan zauna tun hantsi har rana ta take, babu mai tashi sai da izini. To a dare na uku da fara karatun, ina tsakiyar babi, sai waya ta motsa a aljihun rigata. Ban ciro ta ba, ban ma dakata ba, na ci gaba da jero kalmomi daidai yadda suke a shafi. Can sai Malam ya ɗaga hannu ya ce: "Tsaya. Ina ka tafi?" Na ce: "Ina nan, Malam." Ya ce: "Bakinka dai yana nan. To, faɗa mini mas'alar da ka karanta yanzu." Wallahi, ƴan'uwa, na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Layi biyar ko shida sun fita daga bakina alhali zuciyata tana cikin aljihu, tana tambayar ko wane ne ya aiko saƙo. Malam bai yi faɗa ba, ya ce in koma farkon shafi, muka ci gaba. Washegari na ƙudurta in ƙidaya sau nawa hannuna zai nufi aljihu cikin rabin sa'a, na yi ta ƙidaya har kunya ta hana ni ƙarasawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ni na haura shekara talatin, na yi makarantar allo, na yi madarasa, na gama lise, kuma ban riƙe wayar kaina ba sai da na zama saurayi. An gina mini natsuwa tun ina ƙarami, amma ga shi ta zube ban ankara ba. To ina ga yaron da ya buɗe ido ya tarar da waya a hannun mahaifiyarsa, wanda ba a taɓa gina masa ita ba balle ta zube?

Amsar na same ta a cikin danginmu. Akwai ɗan yayata da ya zauna jarrabawar BEPC a bara bai samu ba. Mahaifiyarsa ta rasa dalili, domin kullum bayan Magariba yakan shiga ɗaki da littattafansa, ba ya fitowa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Yaro ne mai ladabi, ba ya yawon dare, malamansa kuma ba su taɓa kukan rashin fahimtarsa ba. Wata rana na zauna kusa da shi kamar mai duba nawa littafin, ina lura da shi ta wutsiyar ido. Littafin lissafi yana buɗe a gabansa, waya tana gefe a kife. Ya karanta tambaya, ya rubuta layi biyu, waya ta yi ƙara, ya juya ta ya amsa, ya sake kife ta. Da ya koma ga tambayar sai da ya sake karanta ta daga farko, tunda zaren ya tsinke. Ya rubuta layi ɗaya, sai ya sake juya wayar, wannan karon ba ta ma yi ƙara ba. Bidiyo ɗaya ya jawo na biyu, na biyu ya jawo na goma. A sa'a guda da na zauna, tambaya ɗaya ya gama. Da na yi masa magana sai ya ce: "Kawu, wallahi ina son karatun. Amma da na yi layi biyar sai in ji kamar wani abu yana ja na, ko da wayar tana kashe." Na yarda da shi, domin abin da ya ja ni a gaban Malam ke nan.

Abin da masu bincike suka auna

Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu tace abin da ake faɗa. Akwai wata magana da ta zagaya duniya tun 2015, har takan fito daga bakin masu wa'azi da malaman lakwal, wai natsuwar ɗan Adam ta ragu zuwa daƙiƙa 8, ƙasa da ta wani ɗan kifin ado da aka ce tasa 9 ce. Maganar ta fito ne a wani rahoto na reshen kamfanin Microsoft na Kanada, amma da ƴan jaridar BBC suka bi diddiginta a 2017 ba su sami wani binciken ilimi da ta dogara a kansa ba. Saboda haka mu bar ta, bai dace mu kare gaskiya da labarin da ba shi da asali ba.

Wadda ta auna abin da gaske ita ce Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, wadda ta shafe kimanin shekara ashirin tana bibiyar yadda mutane suke aiki a gaban kwamfuta. A 2004 ta gano cewa mutum yakan tsaya kan abu ɗaya a allon kwamfuta kimanin minti biyu da rabi kafin ya juya ga wani. A 2012 lokacin ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A gwaje-gwajen da suka biyo baya ya koma wajen daƙiƙa 47, wato bai cika minti ɗaya ba. Ta kuma lura cewa kusan rabin wannan katsewa mutum ne da kansa yake katse kansa, ba tare da kowa ya kira shi ba, kamar dai yadda ɗan yayata ya juya wayar da ba ta yi ƙara ba. Duk wannan ta tattara shi a littafin da ta fitar a 2023. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, da yawa daga cikin waɗanda ta auna manya ne, ma'aikatan ofis, ke nan cutar ba ta tsaya kan yara ba. Na biyu, abin da ta auna ɗabi'a ce, wato tsawon lokacin da mutum yake yi kafin ya juya, ba ta ce ƙwaƙwalwar ta lalace ba. Ɗabi'a kuwa, kamar yadda ake koyonta haka ake iya canza ta.

A gefen ɗalibai, ƙungiyar ƙasashe ta OCDE tana shirya wata jarrabawa mai suna PISA ga ƴan shekara 15. A ta 2022, kimanin kashi 30 cikin ɗari na ɗaliban ƙasashen ƙungiyar sun ce na'urorin da ke hannunsu suna ɗauke musu hankali a kowane darasin lissafi ko a mafi yawansu, kuma waɗanda hankalinsu yake rabuwa makinsu ya fi ƙasa. Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka yi wa wannan jarrabawa, amma wayar da ke aljihun yaron Faransa ita ce a aljihun yaron Maraɗi da Tawa da Yamai, manhajojin da ke cikinta ma su ne.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Ƴan'uwa, kada mu ɗora wa yaro laifin duka. Facebook da TikTok da YouTube ba sa karɓar ko dala daga hannun mafi yawan masu kallo, in ban da kuɗin intanet da muke saye. To daga ina masu su suke samun dukiyarsu? Daga talla. Gwargwadon daɗewarka a ciki gwargwadon tallan da za a nuna maka, ke nan lokacinka da hankalinka su ne hajar da ake sayar wa masu talla. Tun a 1971 wani masani ɗan Amurka, Herbert Simon, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya yi gargaɗin cewa duk inda labarai suka yi yawa, abin da zai yi ƙaranci shi ne hankalin masu karɓarsu.

Waɗanda suka ƙera abin ma sun faɗa da bakinsu. A 2006 wani injiniya mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro dabarar da ta sa shafi ba ya ƙarewa, duk jan da ka yi da yatsa wani abu zai ɓullo daga ƙasa. Daga baya ya fito fili ya yi nadama. A 2017 Sean Parker, shugaban farko na kamfanin Facebook, ya faɗa a bainar jama'a cewa tun farko burinsu shi ne su cinye lokacin mutum da hankalinsa gwargwadon iko, kuma sun san suna amfani da wani rauni ne da ke cikin ɗabi'ar ɗan Adam. Wannan rauni an daɗe da saninsa. A shekarun 1950 B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya nuna cewa tantabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba ta san yaushe zai faɗo ba, ta fi naci wajen saran maɓalli a kan wadda ake ba duk saran da ta yi. A kan wannan caca take tafiya. Haka yaronmu yake wuce bidiyo tara marasa daɗi domin yana sa ran na goma zai ba shi dariya, kuma tunda bai san wanne ne ba, ba zai iya tsayawa ba.

Gajeren bidiyo ya ƙara wa wutar itace. TikTok ya bazu a duniya bayan 2018, har a 2021 kamfanin ya sanar da cewa masu amfani da shi a wata sun kai miliyar ɗaya, wato miliyan dubu. Instagram da YouTube suka fito da nasu a 2020. Na'urar tana lura da inda ka tsaya da inda ka wuce da sauri, ta kawo maka irin abin da ya riƙe ka, har ta san abin da zuciyarka take so fiye da maƙwabcinka. Abin lura shi ne, kamfanin da ya mallaki TikTok yana da irinsa a ƙasar Sin mai suna Douyin, kuma a 2021 ya ƙayyade wa ƴan ƙasa da shekara 14 minti 40 kacal a rana, yana kuma rufe musu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ya ƙera abin ya fi mu sanin ƙarfinsa.

Wani zai ce ai dattawa sun yi irin wannan kuka lokacin da rediyo ya zo, suka sake yi lokacin tele da kaset ɗin bidiyo, kuma duniya ba ta tashi ba. Gaskiya ne. Ni ma ba na kira a farfasa wayoyi, domin da waya ake aiko wa tsohuwa kuɗin magani daga Abijan, da ita manomi yake jin farashin wake kafin ya kai kasuwa, da ita uwa take jin muryar ɗanta da ke Libiya, kuma saƙon murya na WhatsApp ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya rubutu ba. Amma akwai bambanci. Shirin rediyo yana ƙarewa a yi sallama. Kaset yana kaiwa ƙarshe, sai wani ya tashi ya juya shi. Tele tana tsakar gida inda kowa yake ganin abin da ake kallo. Wannan kuwa ba ya ƙarewa, yana cikin aljihu, yana shiga aji da masallaci da makwanci, kuma shi yake kiran ka tun ba ka neme shi ba.

Abin da muke asara

Duk wani abu mai daraja da ɗan Adam yake koya yana bukatar ya riƙe farkonsa a zuciya har ya kai ƙarshensa. Tambayar lissafi sai an riƙe abin da aka bayar har a kai ga abin da ake nema. Hadda sai an maimaita aya sau da dama ana cikin gajiya, a wanke allo a sake rubutawa, har izu sittin su zauna. Yaron tela sai ya daɗe yana kallon hannun maigidansa kafin a ba shi almakashi, haka yaron makaniki sai ya iya sauraren inji. Waɗannan duka suna ratsawa ta wani wuri marar daɗi, inda rai yake ƙosawa. A da idan yaro ya iso wannan wuri ba shi da mafita sai ya daure ya ƙetare, kuma a wannan dauriyar ce natsuwa take ƙarfi. Yanzu da ya ji ƙosawa ta taɓa shi sai ya miƙa hannu, ya tsere kafin ya ƙetare.

Matasanmu sukan ce su sun iya haɗa abu biyu, suna karatu suna amsa saƙo. A 2009 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada ɗaliban da suka saba haɗa na'urori da yawa lokaci guda, suka tarar sun fi sauran rauni wajen watsar da abin da bai shafe su ba, har ma wajen juyawa daga aiki zuwa aiki. Kakanninmu sun riga sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Mu masu hidimar addini ma mu duba kanmu. Ina yaro na ga dattawa suna zama su saurari kaset ɗin wa'azi daga farko har ƙarshe, su saurari tafsiri a rediyo watan azumi ba wanda ya yi tari. Yau karatun malami na sa'a biyu ake yanko minti ɗaya daga cikinsa, galibi inda ya yi zafi ko ya mayar wa wani martani, a watsa. Saurayi ya haddace martanin malamai goma amma bai taɓa biya babin tsarki daga farko zuwa ƙarshe ba, ya zo yana jayayya da mahaifinsa. Ilimin da aka tsinta guntu-guntu yakan haifar da gaggawar yanke hukunci. Sannan ga salla, wadda ruhinta halartar zuciya ne. Wanda bai iya tsayawa kan shafi minti biyar ba, da wuya zuciyarsa ta tsaya a raka'a huɗu. Ga kuma zaman gida, inda miji da mata da ƴaƴa suke kan tabarma ɗaya kowa fuskarsa na haske da wayarsa. A ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ce ta likitoci da alƙalai da limaman gobe.

Mafita

Da farko na ɗauka maganin shi ne ƙarfin niyya. Na yi alkawari ba zan taɓa wayar ba ina gaban Malam, na karya alkawarin a daren. Daga baya na tuna abin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla da wani tufafi mai zane-zane, da ya idar sai ya sa aka kai wa Abu Jahm shi, aka karɓo masa wani marar ado, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. Mafi natsuwar halitta ke nan, amma ya zaɓi ya nisantar da abin. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, daidai da 1111, ya bi wannan hanya a Ihya'u Ulumiddin, inda ya shawarci wanda idonsa ke raba masa hankali ya kawar da abin da ke gabansa, ya matsa kusa da bango, ko ya yi salla a wuri marar haske.

Binciken zamani ya zo kusa da haka. A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da abokan aikinsa sun ba ɗalibai kusan 800 aikin da ke bukatar tattara hankali. Wasu wayarsu tana kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki, kuma duka an hana su ƙara. Waɗanda wayarsu take wani ɗaki su suka fi ƙoƙari, masu ita a kan tebur suka zo ƙarshe. Wasu da suka maimaita gwajin daga baya ba su sami bambanci mai yawa haka ba, amma ni na gwada a kaina, kuma gwajin ba ya cin ko sisi. Abin farin ciki kuma, natsuwar da ta tafi tana dawowa. Maryanne Wolf, masaniyar yadda ƙwaƙwalwa take koyon karatu, ta ba da labari a littafinta na 2018 cewa ta ɗauko wani dogon littafi na marubuci Hermann Hesse da ta so a ƙuruciyarta, ta kasa karanta shi. Sai ta tilasta wa kanta minti ashirin kullum, bayan mako biyu karatun ya dawo mata.

Hukumomi ma sun fara farkawa. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da kolej tun 2018. A 2023 hukumar UNESCO ta yi kira da kada a shigar da na'ura aji sai inda take taimakon karatu. Majalisar Ostireliya ta zartar da doka a Nuwamba 2024 da ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta, dokar ta fara aiki a Disamba 2025. Amma doka ba ta shiga tsakar gida, wannan aikinmu ne. Ga shawarwarin da nake bayarwa, kuma sai da na fara aiki da su kafin in rubuta.

Na farko, uba da uwa su fara da kansu, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ɗansa yake yi masa magana yana amsawa da "uhm" ido na kan waya, ya riga ya koyar da darasin da faɗa ba zai goge ba.

Na biyu, a ware lokaci da wuri. A sami ƙwarya ko kwando a ɗakin uwargida, kowa ya saka wayarsa lokacin cin abinci da lokacin bitar karatu, har da maigida. Kife waya a gefen littafi ba ya wadatarwa, sai ta bar ɗakin.

Na uku, waya kada ta kwana a makwancin yaro. Wanda ya raba dare yana kallo zai yi Asuba da ƙyar, ya shiga aji yana gyangyaɗi, kuma rashin barci shi kaɗai ya isa ya rusa natsuwa.

Na huɗu, a tausaya wa ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi yana kallon waya ko tele, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana. Na san uwa takan gaji, kuma waya tana sa yaro shiru nan take, amma goyo da waƙar reno da wasan ƙasa su suka raini mu duka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, idan an ɗauke waya a sa wani abu a gurbinta, in ba haka ba yaro zai ɗauka horo ne. A zauna minti goma ana karatu a bayyane, ɗaya yana karantawa sauran suna saurare, sannan a tambayi kowa abin da ya ji, kamar yadda Malam ya tambaye ni. Bayan mako guda a kai minti goma sha biyar. A roƙi kaka ta dawo da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. A ba yaro aikin hannu mai farko da ƙarshe, ko ɗinki, ko kiwon kaji, ko shuka a bayan gida.

Na shida, saurayi da budurwa ba a ƙwace musu waya da ƙarfi, za su sami wata a ɓoye. A zaunar da su a bayyana musu yadda aka ƙera abin da wanda yake cin ribar lokacinsu, domin matashi ba ya son ya gane ana juya shi. A taimaka musu su kashe ƙarar sanarwar da ba ta zama dole ba. Ƴan fada ma za su iya yin ƙa'ida a tsakaninsu, a tara wayoyi wuri ɗaya har a sha shayi na uku.

Ni dai yanzu idan zan tafi zaure nakan bar wayar a gida wajen maiɗakina. Daren farko na ji kamar na manta takalmi, na yi ta laluben aljihu babu komai. Bayan kwana kamar goma sai na fara jin abin da nake karantawa, har ina tsayawa in yi wa Malam tambaya. Ɗan yayata kuma yana maimaita aji, kuma shi da kansa yake kai wa mahaifiyarsa wayar bayan Magariba, ya karɓa bayan ya gama bita. Wasu ranaku yana cikawa, wasu ranaku yana saɓawa. Jarrabawa tana tafe, sakamako kuma yana hannun Allah, amma a makon jiya ya zo ya nuna mini shafi biyu na lissafi da ya gama a zama ɗaya, yana murmushi.

Duk wanda ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari a gidansa, muna roƙon ya rubuto mana abin da ya gani, ko ya yi nasara ko bai yi ba, domin sauran iyaye su amfana. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba mu zukata masu natsuwa, ya sa albarka a lokacinmu, ya ƙara wa iyayenmu da malamanmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu.